Tambaya da Amsa: Yayan ƙawarmu ne ke riƙe da kuɗin liƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Daga wani ƙauye kusa da Ringim nake rubuto miki. Mu huɗu ne ƙawaye, tun muna firamare muke waƙa tare. Yanzu ana gayyatarmu kamu da wuni, har Taura da Garki mun je, kuma mun shiga Kano mun buga waƙa ɗaya a situdiyo, masu cajin waya na tura wa mutane ita. Ɗaya ce ke bayarwa, mu uku muna amshi. Yayanta ne ke samo mana biki, shi ke tsince liƙi, in an tashi ya miƙo wa kowacce abin da ya ga dama. Da na nemi lissafi sai ya ce in ban kama bakina ba, abin da ya sami 'yan Destiny's Child zai same ni. Anti su waye waɗannan? In yi shiru ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki yi shiru. Amma bari in fara ba ki labarin da aka tsorata ki da shi, domin rabinsa kawai yayan nan ya faɗa miki.

'Yan mata ne baƙar fata daga birnin Houston a jihar Texas ta Amurka. Sun fara haɗuwa a 1990 da sunan Girl's Tyme, lokacin Beyoncé, wadda ta zama mai bayarwarsu, ba ta kai shekara goma ba. A shagon gyaran gashi na mahaifiyarta suke gwajin waƙa da rawa, ita ce kuma daga baya ke ɗinka musu kayan fita. Mahaifinta, Mathew Knowles, ya ajiye aikinsa na sayar da kayan asibiti ya zama manajansu. Kamfanin waƙa na Columbia ya ɗauke su a 1997 da sunan Destiny's Child, su huɗu kamar ku: Beyoncé, Kelly Rowland, LaTavia Roberson da LeToya Luckett. Kundinsu na biyu da ya fito a 1999 ya sayar da kwafi sama da miliyan takwas a Amurka kaɗai.

A daidai wannan ganiyar tasu rigima ta ɓarke. A watan Disamba na 1999, LaTavia da LeToya suka nemi raba gari da Mathew a matsayin manaja. Ƙorafinsu shi ne yana ɗaukar kaso mai tsoka fiye da kima, kuma yana fifita 'yarsa da Kelly, wadda a gidansa ta tashi. Ba su ce sun bar ƙungiya ba. Sai a watan Fabrairu na 2000 aka saki sabon bidiyon ƙungiyar, suka ga wasu 'yan mata biyu, Michelle Williams da Farrah Franklin, tsaye a gurbinsu. Ki duba wannan da kyau: LaTavia tana cikin tafiyar tun ranar farko, kusan shekara goma, amma a talabijin ta ga an maye gurbinta. Ina makarantar kwana a lokacin, muna jin waƙoƙinsu a kaset ɗin wata 'yar ajinmu, kuma har yau in na tuna wannan abu raina yana ɓaci.

Nan yayan ƙawarki ya tsaya. Abin da bai faɗa ba shi ne, a watan Maris na 2000 'yan matan biyu suka kai ƙara kotu, kuma sai da aka zauna aka yi sulhu da su. Farrah da aka kawo ba ta wuce wata biyar ba ta fita. LeToya ta fitar da kundinta ita kaɗai a 2006, ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka. Ukun da suka rage kuwa, wato Beyoncé, Kelly da Michelle, a watan Yuni na 2005, a kan dandamali a birnin Barcelona na Sifen, suka sanar da cewa za su rabu, bayan kowacce ta riga ta fitar da kundinta. Wannan rabuwar cikin mutunci aka yi ta, shi ya sa suka iya sake hawa dandamali tare a 2013 da 2018.

Mutane na son cewa kishi ne ke raba mata in sun haɗu. Ni ban yarda ba. Kuɗi ne, da wanda ke riƙe da su. Ga TLC, wata ƙungiyar mawaƙa mata uku ta birnin Atlanta a Amurka: kundinsu na 1994 ya sayar da miliyoyi, amma a 1995 suka je kotu suka bayyana cewa bashi ya fi ƙarfinsu, saboda abin da ke isowa hannunsu bayan kamfani da manaja da sauran masu kaso sun ɗebi nasu bai taka kara ya karya ba. Su ukun nan ba su da faɗa a tsakaninsu da ya kai takardar da suka sa wa hannu cutar da su.

Ban ce yayan nan ɓarawo ba ne, ban san shi ba. Mai yiwuwa shi ke zuba mai a babur, shi ke biyan mai sifika, shi ke bin uwar amarya har ta cika alkawari. Wannan aiki ne, yana da haƙƙinsa. Laifinsa shi ne amsa tambayar lissafi da barazana. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Kafin biki na gaba, ku ukun masu amshi ku fara magana da ƙawarku ita kaɗai, ba a gaban yayanta ba. Kada ku sa ta zaɓi tsakanin ku da ɗan'uwanta, ba za ku ci riba ba. Ku ce mata abin da kuke so a tsara ne don zumuncinku ya ɗore. Daga nan a zauna da iyayenku mata duka huɗu, da wani dattijo da kowa ke jin nauyinsa, ko malamin Islamiyyarku in zai yarda. A sayi littafi mai bango, a rubuta nawa ne kason yaya, nawa ne na mai bayarwa, nawa ne na kowace mai amshi. In kun ga ya dace mai bayarwa ta ɗara ku, babu laifi, muddin da bakinku kuka amince. Liƙi kuma a tara shi a jaka ɗaya, a ƙirga a gaban ku duka tun kafin a bar gidan biki, ba washegari ba. Wanda aka tura ta waya a nuna saƙon shigarsa.

Sai waƙar nan ta situdiyo. Wa ya biya kuɗin bugawa, wa ya rubuta baitocin? Ku rubuta wannan ma yanzu, tun ba ta kawo komai ba, domin ranar da wani ɗan siyasa ya nemi a juya masa ita, kowa zai ce tasa ce.

Abu na ƙarshe, a garuruwanmu aure ne zai fara ɗauke ɗayarku, wataƙila zuwa Hadejia ko Kano. Ku yanke tun yau: in ɗaya ta tafi, wa ke da ikon kawo wata, kuma sunan ƙungiya na wa ne. In yayan ya ƙi zaman nan gaba ɗaya, ki sanar da mahaifiyarki, ki dakatar da zuwa biki har sai an zauna, sannan ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare.