Baba Yana Gani Garau, Me Za A Duba A Bayan Idonsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarunsa 58, kuma yau shekara 9 ke nan yana fama da ciwon suga. A zuwansa asibiti na ƙarshe, likitan da ke duba shi ya ba shi takarda ya je sashen ido a duba bayan idonsa, amma ya ƙi zuwa. Hujjarsa ita ce yana gani garau, yana bambance launin yadi tun daga bakin shago, kuma yana karatun Alƙur'ani da tabarau ɗin da ya saya a kasuwa. Ban da haka, wani maƙwabcinmu ya gaya masa cewa maganin da ake ɗigawa kafin dubawar ya taɓa hana shi gani yini guda. Shin wannan dubawa dole ce, kuma tana da haɗari? Daga wata mai karatu a unguwar Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Likitansa ya yi daidai, kuma hujjar da Baba ya kawo, wato gani garau, ita ce ainihin abin da ke yaudarar masu ciwon suga har lokaci ya ƙure musu.

A can cikin ƙwayar ido, a bangonta na baya, akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira retina, wanda shi ne yake karɓar haske ya aika da saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. Wasu ƙananan jijiyoyin jini ne suke ciyar da shi, kuma idan suga ya daɗe yana hawa, sai bangon jijiyoyin nan ya yi rauni, wasu su kumbura su riƙa yoyon jini da ruwa, wasu kuma su toshe. Idan toshewar ta yi yawa, ido yakan tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, waɗanda za su iya fashewa su cika cikin idon da jini, ko su bar tabon da zai janye tantanin daga mazauninsa. Duk wannan yana faruwa ba tare da ciwo ko ja ko ƙaiƙayi ba. Wurin da mutum yake karatu da shi, yake gane fuska da launi, ɗan ƙaramin fili ne a tsakiyar tantanin, saboda haka muddin ɓarnar ba ta kai nan ba, Baba zai ci gaba da bambance shadda da atamfa alhali gara tana cin azarar ɗakin ta ciki. Shi kuwa tabarau na kasuwa, gyara ne kawai na raunin ganin kusa da yake zuwa wa kusan kowa bayan shekara 40, ba shi da abin da zai faɗa game da lafiyar tantanin.

Dubawar ba ta da wahala. Ba a yanka, ba a allura, kuma ba a ciro ido a wanke a mayar kamar yadda ake yaɗawa a gari. Wannan magana ba ta da tushe, domin ido a ɗaure yake da jijiyar gani. Likita yana haska fitila ne ta ƙaramar kafar da ke tsakiyar baƙin ido, ya leƙa ciki ta madubi. Wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, shi ya fito da na'urar farko ta wannan aiki a 1851, kuma jikanyarta ce ƙaramar fitilar hannun da likitoci ke matsowa da ita dab da fuska. Akwai wadda likita ke ɗaurawa a ka yana riƙe da madubi a hannu, wadda ta fi nuna gefe-gefen tantanin, akwai kuma wadda majiyyaci ke ɗora haɓarsa a kai. A wasu asibitocin ana ɗaukar hoton bayan idon a ajiye, kuma ina ba da shawarar a yi hakan idan da hali, domin a gwada hoton bana da na baɗi. Bayan ido ne kaɗai wurin da likita ke ganin jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da ya tsaga jiki ba, shi ya sa ake iya gane illar hawan jini ma a nan.

Maƙwabcinku bai yi ƙarya ba, sai dai ya ƙara gishiri. Kafar nan takan tsuke idan haske ya dake ta, don haka ake ɗiga magani ya buɗe ta, wanda yakan ɗan yi zafi na daƙiƙoƙi kaɗan, ya kama aiki cikin minti 20 zuwa 30. Daga nan ganin kusa yakan dushe, rana kuma ta riƙa kashe ido, yawanci na awa 4 zuwa 6, wani lokaci ya ɗan wuce haka, sannan komai ya koma yadda yake. Saboda haka ranar kada Baba ya tuƙa mota ko babur, kada ya sa ran ƙirga kuɗi a shago, a haɗa shi da ɗan rakiya, ya kuma tafi da baƙin tabarau, don ranar Kano ba ta da sauƙi ga idon da aka buɗe. A wasu mutane ƙalilan maganin yakan tayar da matsin cikin ido; idan bayan an koma gida ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, da ciwon kai ko amai, a koma asibiti nan take.

Ƙa'idar ita ce mai ciwon suga irin na manya a duba bayan idonsa tun ranar da aka gano ciwon, domin sau da yawa ya daɗe a jiki kafin a sani, sannan a maimaita duk shekara, ko fiye da haka idan an ga matsala. Kin ga ke nan Baba yana da bashin shekara 9. Idan an tarar da ɓarna da wuri, ana tsayar da ita ta hanyar daidaita suga da hawan jini, da hasken leza ko allurar cikin ido idan ta kama, amma abin da ya riga ya mutu a tantanin ba ya dawowa. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, ga kuma Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari da Asibitin Makkah. Idan Baba ya ga ɗige-ɗige baƙaƙe sun yawaita farat ɗaya, ko walƙiya, ko wani duhu kamar labule ya sauko ta gefe, wannan ba na jiran ranar da aka rubuta masa ba ne.

TAMBAYA: Likita, hawan jinin ido ne ya makantar da mahaifiyata. Ni shekaruna 43, an auna nawa aka ce 16 ne, wai lafiya lau. Shin shi ke nan na tsira? Daga wani mai karatu a Kurna.

AMSA: Malam, Allah ya ba Mama haƙuri da lada. Lamba 16 tana cikin abin da ake ɗauka daidai, wato 10 zuwa 21, amma ita kaɗai ba ta wanke ka ba. Sunan da muke kiran cutar da shi yana ruɗarwa, domin ba jini ne ke hawa ba, ruwan cikin ido ne, kuma ainihin cutar lalacewar jijiyar gani ce, wadda takan faru ga wasu ko da matsin bai wuce ƙa'ida ba. Ana gane ta ne idan an leƙa bayan ido an ga kan jijiyar ya rarake kamar ƙoƙo, sannan a yi gwajin faɗin gani, tun da ta gefe take fara ci. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna ita ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido, kuma kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da ita, mafi yawansu ba su sani ba. Tun da tana bin jini, ka koma ka nemi a duba maka jijiyar, ka maimaita duk shekara ko yadda likitan ya tsara maka, kuma ka tafi da yayyenka da ƙannenka da kuke ciki ɗaya.