Amsa: wai Galadiman Katsina Mamman Nasir alƙali ne da gaske?

Salamu alaikum ɗan'uwa, ka tambaya wai marigayi Galadiman Katsina alƙali ne da gaske ko kuwa sarauta ce kawai, to wallahi tambayar nan ta taɓa ni don yaran yanzu rawanin kawai suka tarar. Alƙali ne, babba ma kuwa. A Ingila ya zama lauya lokacin da lauyoyin Arewa kaf ba su cika yatsun hannu ba, ya dawo ya riƙe ministan shari'a na Jihar Arewa zamanin Sardauna har juyin mulkin 1966. A 1975 ya shiga Kotun Ƙoli, sannan ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 har 1992, ka lissafa da kanka shekara 14 kenan a kujera ɗaya, kuma duk lokacin yawanci soja ke mulki, aikin alƙali ba wasa ba ne a wannan zamanin. Bayan ya yi ritaya ne aka naɗa shi Galadima hakimin Malumfashi.

Ni a hawan Sallah na fara ganinshi ina yaro, babanmu ya ɗora ni a kafaɗa wajen Ƙofar Soro ya nuna mani shi da hannu ya ce ka ga wancan dattijon, alƙalin alƙalai ne, har yau ban manta ba.

Ya rasu a Afrilun 2019. Allah ya jiƙanshi ya sa Aljanna ce makoma, amin.