Ga uwar da ta yi tambaya kan ɗanta mai kumburin zuciya

'Yar'uwa, ina karanta tambayarki hawaye na zubo min. Kin ce an sallami ɗanki bayan kumburin tsokar zuciya da bairos ya jawo, yanzu ya miƙe yana rigimar komawa ƙwallo, ko ki ƙyale shi ki kuma tsayar da magani? Don girman Allah kar ki yi.

Tawa 'yar shekararta 4 lokacin da irin wannan ciwon ya same ta. Mura ce da ɗan zazzaɓi, bayan mako guda sai amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama. Wanda ya fara duba ta ko ƙirjinta bai tsaya ya saurara da kyau ba, ya ce ruwan jikinta ne ya ƙare, ya ɗaura mata ƙarin ruwa ya sake shi yana gudu. Ina ce masa fuskarta fa kumbura take yi, ya ce in bar masu aiki su yi aikinsu. Ashe zuciyar ta raunana, ruwan duk ya taru a huhu. Daren nan ina riƙe da ƙafarta sanyi ƙalau, na fidda rai. Har yau in na tuna yadda ya daka min tsawa, raina ɓaci yake. Sai da aka yi hoton zuciya na eko da gwajin jini na troponin, mai nuna ko tsokar zuciya ta ji rauni, aka gano ciwon.

Kar ganin ƙarfinsa ya ruɗe ki, tsokar ba ta gama warkewa ba, guje-guje na iya rikita bugun zuciyar farat ɗaya. Wata 3 zuwa 6 ake hana su, kuma sai likitan zuciya ya maimaita eko da ECG (gwajin bugun zuciya), wani lokacin a maƙala masa na'urar Holter mai naɗar bugun zuciya na awa 24, sannan ya ba da izini. Mu Lasix (mai fitar da ruwa daga jiki) da enalapril (mai sauƙaƙa wa zuciya aiki) ta sha, likita ne ya riƙa ragewa a hankali. Ibuprofen kuwa an hana mu. Wasu yaran suna warkewa sarai, wasu zuciyar buɗewa take yi ta rasa ƙarfi, shi ya sa ba na tsallake ranar asibiti.

Za a ce kin cika tsoro, ni ma an faɗa min, ki toshe kunnenki. Ke ma ki samu barci, ni sai da na kwanta ciwo. In kin ga haki, kumburin ƙafa ko fuska, ciwon ƙirji ko suma, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti. Allah Ya ba shi lafiya.