Re: Shirin Laidlaw ko in koma gida hutu?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina shekarar farko a Ingila, kin ga tallar Laidlaw, shirin tallafin bincike da koyon shugabanci na ɗalibai, a jami'arku, kina tunanin ko ki nema ko ki tafi gida hutun bazara ki huta. Ni na yi shi, kuma amsata ita ce ki nema, amma ki san me za ki shiga tukuna.

Gidauniyar Laidlaw ce ke ɗaukar nauyi, ta Lord Irvine Laidlaw, wani attajiri ɗan Sikotland, kuma ta jami'arki za ki nema ba ta gidauniyar kai tsaye ba. Akwai shi a Leeds, Durham, St Andrews, UCL ta Landan, har Toronto da Cornell. Hutu biyu yake ci: na farko sati 6 na bincike a ƙarƙashin malami, na biyu wani sati 6 da suke kira Leadership in Action, wato gwada shugabanci a aikace, a tsakani kuma akwai bitoci na shugabanci. Ana biyan alawus, ki duba takardar jami'arku don kowacce da tsarinta.

Abin da ya fi komai shi ne sufabaiza, wato malamin da zai kula da bincikenki, da girman tambayar da kika ɗauko. Wallahi sati 6 kamar ƙiftawar ido ne, mutane suna zuwa da buri wai za su magance matsalar lafiya ta Afirka gaba ɗaya, masu intabiyu kuwa ba wannan suke nema ba, so suke su ga kin san abin da zai yiwu a ɗan lokacin. Ni lafiyar al'umma nake karanta, sai na ɗauki bayanan NDHS na 2018, wato binciken lafiya na Najeriya, na duba amfani da gidan sauro a gidajen da ke da yara 'yan ƙasa da shekara 5 a arewa maso yamma. Dalilin da malamata ta ba ni shawarar haka shi ne duk binciken da za ki yi hira da mutane sai kin samu izinin kwamitin ɗa'a, kuma wannan kaɗai zai iya cinye rabin lokacinki, su kuwa bayanan NDHS rijista na yi na faɗi abin da zan yi da su aka ba ni. Makonnin farko ba abin da na yi sai tsaftace data a R, wata manhajar lissafi, layi dubbai, wani gurin ba komai wani gurin lamba ce da ke nufin ba a amsa ba, idan ba ki cire ta ba lissafinki duk ya lalace. Ba daɗi ko kaɗan amma a nan na koyi aikin. Duk sati muna zama da malamata, ta buɗe teburin da na kawo ta ɗora biro a kan lamba ɗaya ta ce daga ina wannan ta fito, in ban iya nunawa ba sai in koma. A ƙarshe za ki yi fosta da rahoto. Ita ce kuma ta rubuta min takardar shaida da na nemi mastas, wannan ya fi min alawus ɗin nesa ba kusa ba.

Don haka tun yanzu ki fara tura wa malamin da kike so ya zama sufabaizanki imel, gajere, ki nuna kin karanta wani aikin malamin ko da guda ɗaya ne, kar ki jira sai ana gobe rufewa.

Bitocin shugabanci kam wasu sun yi amfani wasu surutu ne kawai a ganina, gwajin hali da su rubuta abin da kika koya game da kanki. Wanda ya zauna min shi ne na yadda ake gaya wa mutum gyara ba tare da an yi faɗa ba.

Hutu na biyu ne mu 'yan arewa ya kamata mu yi tunani da wuri. Da yawa muna so mu yi shi a gida, to amma jami'a sai ta auna haɗarin tafiya, kuma suna bin shawarar ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya wadda ta sa jihohin arewa da dama a jerin inda take cewa kar a je, inshora ba za ta rufe ki ba. Ki tanadi zaɓi na biyu. Ni a nan na yi, da wata ƙaramar ƙungiya mai taimakon 'yan gudun hijira, cike fom, raka mutane asibiti, tsara ajin Turanci. Akwai wata baiwar Allah daga Sudan da ta ji ina waya da Hausa, ta kama hannuna ta ce ke 'yar wane gari ce, daga ranar ni ce tafintarta.

Sai maganar ɗaki, yawancin hostel kwantiraginsu yana ƙarewa wajen Yuni, ki lissafa kuɗin hayar bazara kafin ki ga alawus ki ɗauka riba ce. Kuma ki sanar da su Mama tun yanzu cewa hutun zai gajarce, kya iya zuwa bayan kin gama kafin a koma a ƙarshen Satumba. In kin rubuta tambayar bincikenki turo min ta inbox in duba miki.