BMW M3 'yar hannu da kuɗin sayen hatsi: amsa ga wani ɗan kasuwa a Daura

Wani ɗan'uwa mai sana'ar hatsi a Daura ya aiko mini da tambaya. Dillali ya kawo masa BMW M3 ƙirar 2010, 'yar hannu daga Amurka, a farashin da ya ga kamar tsintuwa ce. Kuɗinta zai ci kusan rabin jarinsa. Nufinsa ya hau ta wata shida, ya riƙa bayar da ita haya ga 'yan biki, sannan ya sayar ya ci riba. Yana son sanin cututtukan irin wannan mota, da ko lissafin zai fita.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Motar kam mota ce. Injinta silinda takwas ne, lita 4, ƙarfin doki sama da 400, an ƙera shi ya yi juyi har 8,400 a minti. Amma a nan ciwon yake. Injin da aka yi don tsere ba ya yafe sakaci, kuma kai ba ka san hannu nawa ta bi kafin ta iso Daura ba.

Abin da aka fi sanin wannan inji da shi shi ne cinyewar metal, wato 'yan ƙarafan nan da ke tsakanin sandar fistin da ƙaranshaf. Tazararsu matsattsiya ce ƙwarai. Idan mai motar na farko yana taka ta tun inji bai ɗumama ba, ko yana jinkirta juyen baƙin mai, sai su riƙa cinyewa a hankali, babu ƙara, babu fitilar gargaɗi, har ranar da inji zai buga. Masu irinta a Turai da Amurka da yawa sukan canza metal ɗin tun bai nuna komai ba. In dillali bai nuna maka takardar wannan aiki ba, ka ɗauka ba a yi ba, ka sa kuɗinsa cikin farashi. Kuma ka sa a kwance matatar baƙin mai a gabanka, a buɗa ninkinta a rana. Idan ka ga ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin tagulla, ka yi musu sallama kawai.

Akwai kuma na'urori biyu masu buɗe wa inji iska, haƙoran cikinsu na roba ne. In sun cinye, motar sai ta kashe ƙarfinta da kanta, ta koma tafiyar hawainiya. Wannan ba aikin guduma da sifana ba ne, sai mai kwamfuta wanda ya san BMW, kuma galibi sai an tashi zuwa Kano ko Abuja.

Sai abin da ƙasarmu za ta ƙara mata. Kamfanin ya fi son a ba ta fetur mai lamba 98 a ma'aunin ingancin fetur, in an matsa 95, alhali ma'aunin da aka gindaya wa namu bai wuce 91 ba, balle na bumburutu da ake tsiyayowa daga jarka. Baƙin manta 10W-60 ne, kusan lita 9 a kowane juye, ba kuma kowane shago ke da na gaskiya ba. A cikin gari lita ɗaya ba ta kai ta fiye da kilomita 6, ka kuma san yadda fetur ya koma tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Haɗa da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe lagireto. Ga ta a ƙasa kamar kunkuru, tayoyinta sirara, na baya sun fi na gaba faɗi, rami ɗaya a hanyar Mai'aduwa ya isa ya lanƙwasa wili.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don shi ne ya fi damuna. Kayan gyaranta da dala ake sayo su, kai kuma da naira kake sayar da gero. Hayar biki ita ce hanya mafi sauri ta kashe irin wannan inji: yaro zai karɓa da safe, ya taka ta da sanyinta, ya yi ta wasa da ita a gaban abokan ango, ya dawo maka da ita yana murmushi. Abin da ya biya ba zai sayi taya ɗaya ba. Ranar sayarwa fa? Corolla ko Camry ka sa a kasuwa yau, kafin Juma'a an taya. Masu neman M3 a duk faɗin Katsina ƙalilan ne, kuma waɗanda suka san ta sun san ciwonta, za su taya ne da wulaƙanci. Haja ce mai kwantai. Ka tuna kaka na tafe. Kuɗin da za su kwanta a gareji su ne waɗanda za ka cika sito da wake da dawa lokacin da buhu ke araha. Asarar ba kuɗin gyara kaɗai ba ce, har da ribar da ba ka ci ba.

Don haka ni ban ba ka shawarar taɓa uwar kuɗi ba, ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne. Idan ranka ya biya, kuma sha'awa ba laifi ba ce, ka bari sai ribar shekara ta taru, ka saya da sunan abin hawa, ba haja ba, ka kuma ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta don gyaran farko.

In ka kai ga ciniki, ka je da asuba ka tarar da inji da sanyinsa, kada ka yarda a tayar kafin ka iso. Ka ɗaga kafet ka shinshina, warin laka alamar motar ambaliya ce. Ka sa a binciki lambar casis a intanet, domin da yawa daga masu zuwa daga Amurka gwanjon motocin haɗari ne. Takardun kwastan kuma ka kai ofishinsu da kanka a tantance kafin ka biya ko la'adar dillali.