Injin yankan ciyawa mai batir ya tsaya, mai shago ya ce laifina ne

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Wata biyar ke nan da na sayi injin yankan ciyawa mai batir, irin wanda ake hawa a tuƙa. Yanzu in na murɗa makulli allon yana kawo wuta, amma injin ba ya motsi, wani lokacin kuma wuƙaƙen su tashi su mutu. Wanda ya sayar min ya ce ni na kashe batirin, saboda haka garanti bai hau kansa ba. Wani mai gyara ya ce in bari ya buɗe akwatin batirin, ya kuma haɗe wayoyin makunnin kujera ya gani. In bar shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bar shi tukuna. A irin wannan rigima, gano inda wuta ta yanke shi ne hujjarka, kuma hannun da ya fara taɓa cikin injin yana iya ƙarfafa hujjar ko ya rusa ta.

Haƙƙinka iri biyu ne. Akwai garantin kamfanin da ya ƙera injin, wanda alkawari ne mai sharuɗɗa, kuma sau da yawa batir yana da nasa wa'adi dabam da na gangar jikin. Sannan akwai haƙƙin da doka ta ba ka a kan wanda ya karɓi kuɗinka: kaya su zama masu inganci, su yi aikin da aka saye su dominsa. Cewa "garanti bai hau ba" ba ya shafe wannan na biyun.

Ƙarfinsa ya danganta da ƙasar da aka yi cinikin. A Birtaniya, Dokar Haƙƙin Masu Saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kaya masu aibi a karɓi kuɗi. Bayan nan mai shago yana da dama ɗaya ya gyara ko ya musanya, in abin bai yi ba ka nemi ragin kuɗi ko ka mayar. Aibin da ya bayyana cikin wata shida na farko kuwa, ana ɗauka da shi aka sayar, sai in mai shago ya tabbatar da akasin haka. A Tarayyar Turai mai sayarwa yana ɗauke da alhakin har shekara biyu, kuma aƙalla a shekarar farko shi ne zai kawo hujja. In cinikinka ya faɗa ƙarƙashin irin waɗannan dokoki, faɗar baki cewa kai ka kashe batir ba ta isa ba. Sai ya nuna.

Abin da za ka iya dubawa ba tare da ka jawo wa kanka ba shi ne duk abin da littafin injin ya yarda mai shi ya duba. Tunda allo yana kawo wuta, zargi na farko yana kan makunnan kariya. Irin wannan inji ba ya tafiya sai ya ji nauyin mutum a kujera, wasu kuma ba sa tashi in ba a taka birki ba, ko in makunnin wuƙaƙe yana kunne, ko caja tana maƙale. Soket ɗin da ke ƙarƙashin kujera in ya saki, jijjiga kaɗai ta isa ta riƙa kashe wuƙaƙe kamar yadda ka bayyana. Duba fis, duba tsatsa a bakin wayoyi, ka rubuta lambar matsala ko adadin ƙarar da injin ke yi. In batirin na dalma ne, huɗu masu volt 12 da aka jera su ba da 48, kowane mai cikakken caji ya kamata mitar awon batir ta nuna wajen 12.6 zuwa 12.8. Guda ɗaya mai rauni yakan ja sauran ƙasa da zarar an ɗora musu aiki. In na litiyom ne, a cikinsa akwai na'urar da ke yanke wuta don kare shi, kuma wannan akwati ba na buɗewa ba ne. Duk abin da ka gani, ka ɗauki bidiyonsa da kwanan wata.

Maganar haɗe wayoyin kujera ita ta fi tayar min da hankali. An sa makunnin ne don wuƙaƙe su tsaya in mutum ya faɗo ko ya sauka. In aka tsallake shi wani ya ji rauni, musamman yaro ko ma'aikacinka, kamfani zai ce an sauya injinsa, alhakin ya dawo kanka, inshora ma tana iya juya maka baya.

Kai wa mai gyara na waje ba koyaushe yake kashe garanti ba. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya ɗaure garanti da sharaɗin sai kayansa ko ma'aikatansa, in ba kyauta yake bayarwa ba. Amma ko a can, in gyaran ne ya jawo ɓarnar, kamfani yana da ikon ƙin biya.

Dole in faɗa maka inda mai shagon zai iya samun gaskiya. Batirin dalma da aka bari babu caji na makonni yakan lalace, haka wanke injin da ruwa mai ƙarfi ko amfani da cajar da ba tasa ba. In ɗaya ya faru, ka nemi sulhu, kamar a raba kuɗin sabon batir.

In babu, ka rubuta masa takarda, ba kiran waya ba. Ka sa ranar saye, lambar injin, kwafin rasit, alamomin da ka gani, ka buƙaci gyara ko musanya cikin kwana 14, kuma ya ba ka dalilin ƙinsa a rubuce tare da sakamakon awon da ya yi. Ka aika kwafi ga kamfanin. In ya yi shiru, ka sanar da shi cewa za ka kai injin ga ƙwararre mai zaman kansa ya auna ya rubuta rahoto, sannan ka nufi hukumar kare masu saye ko kotun ƙananan ƙararraki. Kafin nan, in batirin ya kumbura, ya yi zafi ko yana wari, ka daina caji, ka fitar da injin nesa da gini, ka saka wannan ma a takardar.