Sakamakon bincike yana fitowa a hargitse a shafin gidajen haya

Malam, ka ce masu neman gida a shafinka na Kaduna suna rubuta "Unguwar Rimi" ba sa ganin komai, kuma jerin farashi yana fitowa a birkice.

Fara da farashin. Alamu sun nuna an ajiye shi a matsayin rubutu, ba lamba ba. Kwamfuta tana jera rubutu harafi bayan harafi, shi ya sa 1,200,000 ke zuwa kafin 350,000. Ka mai da gurbin da ake ajiye farashin na lamba zalla, waƙafi da alamar naira a saka su lokacin nunawa kawai.

Sunayen unguwanni sun fi wuya. Wani dillali zai rubuta Ungwan Rimi, wani U/Rimi, wani Anguwan Rimi. Ka haɗa su duka a matsayin suna ɗaya, masu saka talla kuma su riƙa zaɓa daga jeri, kada su rubuta da hannu. In manhajar bincike ta Elasticsearch kake amfani da ita, kunna asciifolding, wato tsarin da ke mai da haruffa masu lanƙwasa irin su ɗ zuwa d, domin ɗaki da daki su zama ɗaya, tunda da yawa ba sa rubuta ɗ a waya.

Wajen tacewa, wato inda mai nema ke zaɓar unguwa don rage sakamako, nuna adadin gidaje gefen kowane zaɓi, kamar Barnawa 14, Malali 6, ka ɓoye wanda babu komai a cikinsa. Gidan da aka riga aka kama a cire shi ranar.